Munduwar Fure

Malam Haliru maƙeri ya juya munduwar a tafin hannunsa, ya sake miƙa wa Fure ita.

"Maman Salome, wannan fa ta aurenki ce. Ga farin ƙarfe nan, in ja miki waya da shi, ba mai ganewa."

"Kunne zai gane, Malam. Azurfa nake so tsantsa. Narka ta kawai."

Wata bakwai ke nan da rasuwar mijinta Irmiya, mai gyaran rediyo da ɗaukar kaset a bakin tashar Kontagora. Shekara goma sha ɗaya tana liƙa masa wayoyi da dalma a ƙuryar shago, amma a wurin mutanen gari ita dai mai kawo abincin rana ce. Wan mijinta, Bitrus, har ya samo mai sayen kayan shagon. Da ƙyar ya yarda da sharaɗi ɗaya: ranar Asabar zumuntar mata ta cocin Salka za ta zo ɗaukar waƙoƙi, in kaset ya fito da gurnanin nan da amfilifaya ta tsiro da shi, a kwashe kaya. Irmiya kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa da zai sami wayar azurfa, da an ji murya kamar mai ita na tsaye a gabanka. Maganar nan ce ta kawo ta maƙera.

Haliru ya narka, ya yi ta jan azurfar ta ramukan farantin ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami. Sau biyu yana cewa ta yi, sau biyu tana murza ta a yatsa tana girgiza kai. A na uku ta fito siririya kamar zaren ɗinki, ta karɓa. A gida ta zura ta cikin sabuwar robar ƙarin ruwa da ta saya a kemis, ta lulluɓe da saƙar tsohuwar waya, ta liƙa kawunan.

Ranar Asabar da sassafe ta jona wayar tsakanin makirfo da amfilifaya, ta kunna. Gurnanin yana nan daram, ko gezau bai yi ba.

Ta zauna a kan benci, hawaye suka zubo mata, na haushi ba na baƙin ciki ba. Haushin Irmiya da mafarkinsa, da haushin kanta da ta bi maganar mamaci ta ƙi bin kunnenta. Ta share fuska, ta kwance murfin amfilifaya. Tana taɓa jikin ƙarfen da sukundireba sai ƙarar ta sauya. Ta bi wayoyin ciki a hankali, sai ga wata 'yar wayar da ke haɗe da jikin ƙarfen ta ɓalle, tana reto. Ɗigon dalma ɗaya, shagon ya yi tsit.

Da hantsi matan suka iso da tulunansu na kiɗa da cakansami, Bitrus na biye da hannu a baya. Aka ɗauki waƙar farko, aka mayar da kaset baya. Muryar Mama Rahila, shugabar zumunta, ta fito tas, har numfashinta ana ji. Mata suka ɗau guɗa.

Bitrus ya ɗaga wayar yana dubawa. "Kun ga aikin azurfa! Ai ƙanena ya sha faɗa. Wannan ko akuya ka ba wa, za ta ɗauki kaset. Da ita za a haɗa wa mai saye."

Fure ta matso kusa da shi. Ta zare wayar daga hannunsa, ta cire ta daga makirfo, ta ɗauko tsohuwar ta jan ƙarfe, mai naɗin baƙin salatif, ta jona.

"Mama, don Allah a ƙara mana baiti ɗaya."

Mama Rahila ta dube ta, ta dubi Bitrus, ta ja waƙa. Aka mayar da kaset. Tas, kamar ta farko. Bitrus ya kara kunne a lasifika yana neman gurnani, bai samu ba.

Fure ta sa reza ta tsaga robar, ta zaro azurfarta, ta yi ta naɗa ta a wuyan hannu inda munduwar ta bar farin shaci.

"Yaya," ta ce, "ka gaya wa mai sayenka abin da ke gyara murya a shagon nan ba na sayarwa ba ne. Ɗan matsa, kana tare mana makirfo."