Jinin Tasalla

Sa'adiyya ta yi shekaru tana aikin jinya a Kazaure, ta ga mata da yawa sun tafi a kan gadon haihuwa don an rasa mai ba da jini. Shi ya sa da ta ji akwai wani dandali a intanet da mutum zai haɗa manhajar waya ba tare da ya iya rubutun kwamfuta ba, ta ajiye aiki ta duƙufa. Akwatuna kawai ake jawowa a jera, a ce wannan na suna ne, wannan na gari, wannan na rukunin jini. Haka ta haɗa tata. Matasa daga Roni, Gwiwa da Babura suka yi ta shiga, kowa na cewa in an bukaci jininsa a neme shi.

Wata ranar Laraba da hantsi tana wanki wayarta ta yi ƙara. Muryar namiji ce, tana rawa.

"Malama, sunana Halliru, daga asibitin Babura nake kira. Matata Tasalla ta haihu, jini ya ɓalle mata. Sun ce nata irin mai wuyar samu ne, O nagetif. Don Allah ki taimake ni."

Ta goge hannu a zani, ta buɗe manhajar ta nema. Sunaye suka fito reras. Ta danna, saƙo ya tafi ga duk wanda ke kusa da Babura, ta ce wa Halliru ya kwantar da hankali, mutane na tafe.

Ba ta kai ga shanya kayan ba ya sake kira.

"Malama, samari sun zo, Allah ya saka musu. Amma an gwada su, an ce ba ko ɗaya da ya dace. Duk fozitif ne. Tasalla ta daina amsa mini magana."

Sa'adiyya ta koma cikin manhajar tana duba mutum ɗaya bayan ɗaya. Kowa an rubuta masa O, ko A, ko B, tsurarsu. 'Yar alamar nan da ke raba fozitif da nagetif babu ita ko'ina. Ta kife bokiti ta zauna a kai.

Ta kira Paul, wani malamin kwamfuta da ke haya a unguwarsu. Ya zo da gudu a kan babur, ya karɓi wayar ya yi ta dubawa, goshinsa na tsattsafo da gumi.

"Anti, kamar masu dandalin sun yi wani gyara. Yanzu yana ɗaukar alamar ƙari da ta ragi a matsayin lissafi, sai ya share su."

"To ka mayar da su mana!"

"Ba ni da hanyar shiga. Abin da suka bari a waje kaɗai muke taɓawa, cikinsa a kulle yake, makullin na hannunsu."

Suka rubuta wa kamfanin. Nan take amsa ta dawo da Turanci, na'ura ce ta turo, wai an gode, za a duba a ranakun aiki. Sa'adiyya ta ji kamar ta kurma ihu. Ita ce ta yi ta bin masallatai da coci-coci tana cewa a dogara da abin nan. Ita ce ta ce wa Halliru ya kwantar da hankali. Da ba ta faɗa ba, watakila da tuni ya bazama neman jini ta wata hanyar.

Wayar ta sake yin ƙara. Ta ga lambar Halliru, ta kasa ɗauka. Paul ne ya ɗauka, ya saurara, ya ce, "Da ranta, amma sun ce a yi sauri."

Sai ta naɗi muryarta a waya tana neman mai O nagetif, tana kuka ba ta ma sani ba, ta tura duk wani zauren WhatsApp da take ciki: na tsofaffin abokan aiki, na 'yan unguwa, na matan Islamiyya. Paul ya tura na cocinsu. Suka zauna suna kallon wayoyin. Ladan ya kira azahar, ta tashi ta yi alwala, ta tayar da salla, ta rasa a raka'a ta nawa take.

Tana sallamewa Paul ya miƙe ya ce an samu. Wata tela ce a kasuwar Kazaure, Martina, ta ji saƙon, ta ce jininta ke nan, ta rufe shago. Ba su tsaya jiran mota ta cika a tasha ba, Paul ya goya Martina, Sa'adiyya ta hau ɗan acaɓa ta bi su. Duk ramin da suka faɗa a hanya sai ta ji kamar a lokacin ne ran Tasalla ke fita.

Sun iske Halliru tsugune a bakin ɗakin haihuwa, hula a hannu. Aka shiga da Martina, aka gwada jininta, ya dace. Sai bayan la'asar wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce Tasalla ta buɗe ido, ta tambayi jaririnta.

Halliru ya yi ta sa albarka, har da durƙusawa. Sa'adiyya ta kasa haɗa ido da shi. Ta koma gefe ƙarƙashin wata dalbejiya, ta rubuta sanarwa cewa an dakatar da manhajar, duk mai neman jini ya kira ta kai tsaye.

"Anti, in sun gyara ai za ki iya buɗewa," in ji Paul.

"Wannan mun gani ne don ya fito fili. Me kuma ya lalace a ciki da ban sani ba? Tun yaushe ma ya lalace?" Sai ta tuna wani da ya kira daga Gwiwa a makon jiya, ta tura masa mutane, bai sake kira ba. A lokacin ta ɗauka bukata ce ta biya.

Ta lalubo lambarsa, ta danna kira. Wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta sake kira.