Layin da Ya Gagari Baba Injiniya

"Taka da ƙarfi, 'yar nan. Keke ba ya jin ciwo," in ji Baba Injiniya.

Mai Ɗinki ta taka. Babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allura, ƙara kawai ake so, keken kuwa ya ba da ita har kwanukan da ke kan kabad suka soma amsawa. Tun da ƙafafun Baba Injiniya suka kumbura ya daina fitowa tsakar gida, ita ke jawo keken daga ɗakinta zuwa bakin ƙofarsu duk ranar da za a yi gwaji. Inna, matarsa, tana zaune a kan tabarma ta ba su baya, da 'yar na'urar ji maƙale a bayan kunnenta. Baba ya sauke murya can ƙasa, ya ce tsohuwar nan ta fi shi ci.

"Na ji ka sarai," in ji Inna, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Kai ne dai ka yi faɗa da kwano."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mai Ɗinki ta ɗauke ƙafa daga keken, ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ita ba mai magana ba ce. A gidan hayar nan akwai waɗanda har yau ba su san muryarta ba.

A gidan rediyo Baba ya yi aiki har ya yi ritaya. Da kunnen Inna ya soma nauyi, sun sayo na'ura a shago, sai dai komai take ƙara wa ƙarfi, da maganar mutum da kukan janareta, kafin azahar kuma batir ya mutu. Baba ya ce ba a yi haka da shi ba. Ya samo wata da ake iya canza mata manhaja, ya zauna ya rubuta tasa. Ya sha yi wa Mai Ɗinki bayani, tana gyaɗa kai ko ta gane ko ba ta gane ba. Abin da ta riƙe shi ne, na'urar takan daddatsa sauti ƙanana-ƙanana, ta ware muryar mutum daga hayaniya, duk da lissafi, kafin ƙiftawar ido. Tarawa ba ta da wahala, in ji shi, amma sau, wato ninka lamba da lamba, yana cin batir kamar gara ta samu katako. Don haka aikinsa na shekaru shi ne farautar sau a cikin rubutun manhajar. Duk wanda ya cire, Inna ta samu ƙarin lokacin hira.

Yanzu batirin yana kai ta har bayan isha'i. Amma akwai layi guda da ya tsaya masa a wuya. Ya rantse sau ɗin da ke wurin zai ciru, hanyar ce kawai bai gani ba.

Da hannunsa ya fara rawa, Mai Ɗinki ce ta zama hannun. Karatunta bai wuce firamare ba, amma ta san baƙaƙe. Shi ya faɗa ɗaya bayan ɗaya, ita ta nemo a kan kwamfuta da ɗan yatsa ɗaya ta danna. Idan ta yi kuskure ya ce ba laifinta ba ne, waɗanda suka jera baƙaƙen ne ba su yi makaranta ba.

Akwai wani shafi a intanet inda masu irin aikinsa ke ajiye rubutunsu kyauta, kowa ya ɗauka ya yi amfani, wanda ya ga gyara ya gyara. Tun ba yau ba Baba yake cewa zai sa nasa a can. Duk sanda Inna ta tuna masa, sai ya ce saura layin nan, ba zai shiga kasuwa da riga a birkice ba, mutanen wurin ido gare su.

Wata rana 'yarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta zo ta ja Inna bayan ƙofa. Mai Ɗinki tana shanya a igiya, ba ta yi niyyar saurare ba, amma ta ji. Likita ya ce abin da ya rage shi ne a kula da shi, a ba shi abin da ransa ke so. Ta daɗe riƙe da jiƙaƙƙen zane, ta rasa inda za ta rataya shi.

Daga nan muryar Baba ta yi ta sirancewa. In ba ka matso ba, sai dai ka ga leɓe yana motsi. Duk da haka da safe sai ya sa a buɗe kwamfuta, a koma kan layin.

Ran nan suna cikin haka Inna ta shigo da shayi. Ta ajiye, ta dubi allon, ta dubi mijinta. Sai ta kai hannu bayan kunne ta zare na'urar, ta jefa a cikin wani ƙaramin kwano, ta rufe.

"Ni na samu nawa," ta ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. "Matan wasu fa? So kake ka tafi da kunnuwan mutane a aljihu? Ba zan ƙara jin muryarka ba sai ka saki abin nan."

Baba ya ɗauka wasa ne. Aka wuni, aka kwana, kwano yana rufe. Inna ba ta fasa komai ba: ta ba shi abinci a baki, ta matsa masa ƙafafu, ta gyara masa matashi. Amma in ya yi magana sai ta dube shi kamar mai kallon kifi a ruwa. Ya roƙi Mai Ɗinki ta je kusa da kunnenta ta ɗaga murya ta ce yana da magana. Ta je, ta durƙusa, ta buɗe baki, abin da ya fito bai kai kukan sauro ba. Inna ta dafa kanta ta ce aka rasa ɗan aike duk gidan nan sai ke.

Washegari Mai Ɗinki ta same shi yana bin Inna da ido tana ninke kaya. Bai ce a buɗe layin ba.

"'Yar nan," ya ce, sai da ta matso sosai, "akwai abubuwan da nake so in gaya wa matar nan. Ba na jin ina da lokacin yin taurin kai biyu. Buɗe shafin."

Sun daɗe a kai. Ya nuna mata inda za ta shiga, da abin da za ta ɗora. Da suka zo kan layin ya sa ta rubuta 'yan kalmomi da Turanci a samansa, baƙi bayan baƙi, sannan ya fassara mata: a nan akwai sau guda da ya fi ƙarfina, wanda ya iya ya cire, ya yi wa tsoho uzuri. Ta tsaya da yatsa a kan maɓallin ƙarshe tana jiran sa. Ya ce ta danna kafin ya canza shawara.

Ta danna. Babu abin da ya yi ƙara. Rubutun kawai ya bayyana a shafin, da sunansa a sama.

Mai Ɗinki ta ɗauko kwanon da hannu biyu ta kai wa Inna. Inna ta leƙa allon kamar ta iya karantawa, ta dubi yarinyar, yarinyar ta gyaɗa kai. Sannan ta maƙala na'urar, ta zauna a bakin gado ta ce, to, Malam, ina jin ka.

Mai Ɗinki ta fita ta saki labule. Duk yammacin ba ta taɓa keke ba, maɓallai ta yi ta ɗinkawa da hannu a bakin ƙofarta. Ba ta jin muryarsa, sai ta Inna jefi-jefi, wani lokaci tana cewa ƙarya kake ba haka aka yi ba, wani lokaci dariya.

Bai cika mako ba bayan haka. Da hantsi ne, ya ce a ɗaga labule rana ta shigo, ya sha shayi kaɗan, ya ce zai ɗan rintsa. Inna tana gefensa tana tsintar zare a jikin bargo. Ita ce ta fito da kanta, ta tsaya a ƙofar Mai Ɗinki ta ce a hankali, Babanki ya tafi.

Bayan mutane sun ragu, 'yarsu ta zauna haɗa kayansa, ta buɗe kwamfutar ta tarar da saƙonni a shafin. Ta karanta tana fassara musu. Wata mata daga wata ƙasa mai nisa, mai gyara wa yaran makaranta irin wannan na'ura, ta ce ta gwada, yanzu batir yana kai su har a tashi. Wani kuma ya ce shi malamin lissafi ne, ya ga roƙon da ke kan layin, ya gwada ta gaba ya gwada ta baya, bai ciru ba, amma bai haƙura ba.

Inna ta sa aka maimaita mata wannan. Ta yi dariya tana share ido.

"Allah ya jiƙan Malam. Da yana nan, da yau ba mu sha ruwa ba don fahariya."

'Yar ta jawo wayar wuta za ta naɗe, ta ce gara a sa kwamfutar a akwati kada ƙura ta lalata ta. Inna ta riƙe hannunta.

"Bar ta a kunne. Ba ki ga Malam yana karɓar baƙi ba?"

Ta goge allon da gefen mayafinta, ta ɗan juya shi ya fuskanci ƙofa. Mai Ɗinki ta matso da kujerarta kusa, su uku suka zauna suna kallon shafin.