Shaidun Kafinta

Takardar ta iso ranar Litinin da rana, kafinta yana tsakiyar goge ƙafar kujera. Auta ce ta kawo ta da kanta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda take shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Ta tsaya a bakin shago, ta miƙa masa ba tare da ta ɗago kai ba.

Ya share hannu a jikin riga, ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa. Kwamitin ladabtarwa yana neman ta ranar Alhamis da ƙarfe goma, tare da mahaifinta. Ana tuhumar ta da duba marasa lafiya a unguwa alhali ba ta gama karatu ba. Can ƙasa aka rubuta cewa hukuncin yana iya kaiwa ga kora.

Sau uku ya karanta kalmar nan ta ƙarshe. Ya zauna a kan kujerar da bai gama haɗawa ba, saura kaɗan ta kai shi ƙasa.

"Wa ya kai ƙararki?"

"Ba wanda ya kai ƙara, Baba. Yabona aka yi."

Ashe mai walda ne, maƙwabcinsu na ƙarshen layi. Makonni biyu da suka wuce kwanon rufi ya yanke shi a hannu, kuma kafinta da kansa ya jawo shi cikin gida, lokacin Auta ta dawo ke nan ko farar rigar makaranta ba ta cire ba. Ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta ce maza ya wuce asibiti. Ya tafi kuwa, sai dai a can ne bakinsa ya buɗe. Ya gaya wa babbar nas cewa ɗalibarsu ta riga ta yi rabin aikin, ai duk unguwarsu ita take duba su. Babbar nas ta yi murmushi, ta tambayi sunan ɗalibar, ta rubuta.

Kafinta bai buƙaci a gaya masa inda abin ya samo asali ba. Tun ranar da Auta ta fara sa farar riga, ba wanda ya yi tari a shagonsa ya fita salin alin. Ko benci mutum ya zo tayawa, sai ya ji an ce, "Shiga ciki Auta ta duba ka." Matarsa ta sha cewa, "Malam, yarinyar nan ɗaliba ce fa, ka mayar mana da zaure asibiti." Sai ya yi dariya ya ce hassada ce irin ta uwa.

Kwana biyu yana juya maganar a ransa. Ya yanka katako ɗaya ba daidai ba har sau biyu, abin da rabonsa da yi tun yana koyon aiki. Ranar Laraba dabara ta faɗo masa. A sana'arsu, idan wani ya ce aikinka ba shi da kyau, ba ka tsayawa musu, sai ka nuna masa mutanen da suka shekara goma suna zama a kan kujerunka. Ya rufe shago, ya bi layi gida gida.

Ranar Alhamis Auta ta riga shi tafiya. Tana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin taron sai ta hango shi tafe, ya sha rigarsa mai kyau, mutum uku na biye da shi. Ga mai walda da tabonsa, ga mai aski, ga kuma Goggo, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba gidansu da nata, tana dogara sanda.

Auta ta miƙe tsaye. "Baba, me suka zo yi?"

"Shaidunki ne. Mai kanti ma ya so zuwa, babu mai tsare masa."

"Baba!" Ta rage murya. "Ana tuhuma ta da duba mutane, kai kuma ka kwaso mutanen ka kawo?"

Kafinta ya waiwaya ya dubi mutanensa. Sai a lokacin ya ga abin yadda yake. Gumi ya karyo masa har cikin kunne. Ya juya zai ce su koma, ƙofa ta buɗe aka kira su, kuma kafin kowa ya motsa Goggo ta riga ta shige da sallamarta.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur: shugabar makaranta a tsakiya, wani likita mai furfura, da malama mai rubuta bayani. Shugabar ta dubi taron ta saman tabarau.

"Mahaifi ɗaya muka ce a zo da shi."

"Ranki ya daɗe, su... rakiya suka yi mini."

"Wace irin rakiya?" in ji Goggo, tana gyara zama. "Shaida muka zo bayarwa. 'Yar nan, rubuta. Ni dai sau biyar ta duba ni."

Malamar ta rubuta. Kafinta ya ji ƙarar biron har cikin haƙoransa.

"Ni sau uku," in ji mai aski, don kada a bar shi a baya.

Auta ta sunkuyar da kai. Kafinta ya dubi ƙasa, yana tunanin shekara biyu na tashin asuba da littattafan da suka fi katako nauyi, ga shi ya zo da hannunsa ya rushe.

Likitan ya jingina da kujera. "To, Baaba, da ta duba ki, wane magani ta ba ki?"

"Magani? Wannan yarinyar?" Goggo ta tafa hannu. "Ai ba ka san ta ba, ɗan nan. Ko ƙwayar ciwon kai ba ta taɓa ba ni ba. Sai dai ta tambaye ni ina ke ciwo, in gama bayani tsaf, ta ce, Goggo, asibiti za ki. Na ce to ke amfaninki me? Rannan har ƙwace mini maganin da na saya a bakin titi ta yi, ta zubar a kwata."

"Kin je asibitin?"

"Ina da zaɓi ne? Ita ta sa ni a mota."

Likitan ya tare bakinsa da hannu kamar mai tari. Ya juya ga mai aski.

"Ni jiri nake yi, yallaɓai. Ta ce ba ta da ikon cewa komai, in je a gwada jinina. Na kai ƙorafinta ma wajen babanta, na ce karatun nan anya yana shiga?"

"Allura fa? Ta taɓa yi wa wani a cikinku?"

"Ni na roƙe ta," in ji mai walda. "Ta ce ko Baba ne ya kwanta ba za ta yi ba."

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta dubi Auta. "Hannun wannan bawan Allah fa?"

Auta ta miƙe. "Na wanke na ɗaure, ranki ya daɗe, kuma da rigar makaranta a jikina. Jini yake zuba. Tsayar da jinin ba na nadamarsa. Amma na bar mutane suna zuwa gida suna kira na nas, ban hana ba, kuma ban faɗa wa makaranta ba. Wannan laifina ne."

Kafinta bai san lokacin da ya tashi ba. "Ranki ya daɗe, ba ta hana ba ne don ni nake turo su. Ni ban yi nisa a karatu ba. Da na ga 'yata cikin farar riga, sai kaina ya kumbura, bakina ya ƙi rufuwa. In akwai wanda za a kora, ni ne, sai dai ban san daga ina za ku kore ni ba."

Wannan karon har malama mai rubutu ta ajiye biro.

Aka ce su jira a waje. Minti ashirin suka yi, kafinta ya auna barandar da ƙafa ya fi sau talatin, Goggo kuwa tana ba mai aski labarin gwiwarta. Da aka sake kiran su, shugabar ta karanta hukunci. Za a ba Auta gargaɗi a rubuce, za ta ƙara wata ɗaya a ɗakin wankin ciwo a ƙarƙashin babbar nas, kuma ba za ta sake fita da rigar makaranta zuwa gida ba.

Kafinta ya matso. "Ranki ya daɗe, ban ji wurin kora ba."

"Babu shi."

"A sake faɗa mini, don Allah."

"Babu kora, Baba. Amma in na sake jin an buɗe asibiti a zaurenka, kai zan sa a kira, ba ita ba."

Ya yi godiya har sai da Auta ta ja hannun rigarsa. Goggo ba ta fito tare da su ba, ta tsare likitan a bakin ƙofa ta ce tunda Allah ya haɗa su, sai ya ga gwiwar nan.

A baranda Auta ta share ido da bayan hannu, tana dariya. "Baba, wallahi da ka gaya mini za ka kawo su, da na kulle ka a shago."

"Ai na san abin da nake yi," in ji kafinta, yana fifita da hula, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ka sani?"

"Wuce aji, kin makara."