Motar Darji Ba Ta Ja

"Taka mana, Darji! Taka!"

"To me ka ga ina yi, rawa? Na taka har ƙasa!"

Suna tsakiyar hawan gadar sama ta Mohan Nagar. Ƙaramar motar ta fito ta dama za ta wuce wata babbar mota mai lodin bulo, sai ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita, ba gaba ba baya. Wata bas ta manne musu a baya tana danna hon kamar za ta haɗiye su. Anupam Tyagi, wanda ke kujerar gefe, ya kama hannun ƙofa ya riƙe gam.

"Sauke giya! Koma ta uku!"

"A ta huɗu nake hawan gadar nan tun ranar da aka buɗe ta."

"Da waccan motar ce, Darji!"

Tsohon bai sauke giyar ba. Ya ɗage ƙafa, ya lallaɓa ya koma bayan mai bulo. Bas ta wuce su, kwandasta ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Baba, a koma gida a sha shayi!" Darji ya bi shi da kallo, gemunsa fari yana rawa. Sai da suka sauka gadar ya bugi sitiyari da tafin hannu.

"Ka dai gani da idonka. Keken ɗinki 'yata ta saya mini, aka sa masa tayoyi."

Sunansa Harnek Singh, amma duk layin Darji ake ce masa, matarsa kuma Biji. Gidansu da na Anupam katanga ɗaya ce ta raba. Tun yana saurayi yake jan manyan motoci, daga baya ya mallaki nasa, da girma ya zo ya sayar da su ya bar wa kansa wata doguwar mota mai shan dizal. Ita ce ya kai Renu matar Anupam asibiti a cikinta ranar haihuwarta ta fari, ita ce ke ɗauko wa rabin layin buhunan alkama daga kasuwa. Da ta cika shekara goma, doka ta ce ba ta da sauran hurumin hawa titin Ghaziabad. Wani ɗan Rajasthan ya zo ya tafi da ita. 'Yarsa Simrat, wadda ke aure a Pune, ta aiko masa da ƙarama, ja, mai shan fetur, ta ce ita ce daidai da tsoho: ba nauyi, ba wuyar ajiyewa.

Daga ranar Anupam bai sake samun Lahadinsa ba. Ko gurasar paratha bai gama ci ba zai ji ana buga ƙofar ƙarfe da zoben hannu.

"Ɗana, fito ka zama shaida."

Shaidar kuwa kullum ɗaya ce. Su fita, Darji ya sami titi mai sarari, ya sa giya ta huɗu motar na tafiyar hawainiya, ya taka, ya juyo ya kalli Anupam.

"Ka ji wani abu? Waccan, yatsa kawai za ka ɗora a totur, ka ji kamar wani ƙato ya dafa bayanka ya tura. Ba ihu, ba hayaniya. Wannan kuwa sai ka zane ta, ta yi ta kururuwa kamar akuyar da aka ɗaure, sannan ta tuna tafiya aka ce ta yi. In ka kunna mata na'urar sanyi kuma, shi ke nan, ka ɗora mata buhunan siminti."

"Haka motar fetur take. Ƙarfinta yana sama. Sai injin ya ɗaga murya take ja. Ka sauke giya, ka bar ta ta yi ihun, ba abin da zai same ta."

"Injin da ke ihu injin da ake zalunta ne."

Anupam ya yi bayanin nan har ya haddace shi. Ya yi shi cikin raha, ya yi shi cikin ladabi, ya yi shi haƙora a cije. Wata rana ya karɓi tuƙin a hanyar dawowa, ya sa ta uku, ya hau gadar nan kamar an harba shi, ya wuce manyan motoci biyu a jere. Ya zaci magana ta ƙare. Darji ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Kai ba ka da tausayi. Allah ya tsare dokin da zai faɗa hannunka."

"Ka daina fita mana," in ji Renu. "Ka ce masa kana da aiki."

"Ya san ba ni da aiki. Yana jin tarina ta katanga."

Ana cikin haka, wata Lahadi da damina ta fara ja baya, wayar Anupam ta zame daga cinyarsa ta faɗa ƙasan kujera. Ya sunkuya yana lalube, daidai lokacin da Darji ke cewa, "Ga shi nan, har ƙasa, ka ji ta motsa?" Idon Anupam ya faɗa kan ƙafar tsohon. Totur ko rabi bai shiga ba. Ƙafar ta kwanta a karkace, takalmin ya zame daga diddige, yatsun suna ɗan karkarwa a kan roba.

Ya ɗago a hankali.

"Darji, sake takawa."

"Na taka."

Ƙafar ba ta ƙara ko kaɗan ba.

"Tsaya a gefe. Ina da magana."

Suka tsaya kusa da mai sayar da ruwan rake. Anupam ya rasa ta inda zai fara, sai ya faɗa kai tsaye. Ya ce motar ba ta da ƙarfin waccan, wannan gaskiya ne, amma yau ba motar ba ce. Ƙafar dama ce ba ta kai inda ake aika ta. Ya ce su je likita ya duba, ko gobe, shi zai ɗauki hutu ya raka shi.

Fuskar Darji ta yi ja har cikin gemu.

"Ƙafata?"

"Na gani da idona."

"Ƙafar da ta kai lodi Srinagar cikin ƙanƙara lokacin ubanka bai yi aure ba? Kai da Simrat bakinku ɗaya. Kun ba ni gwangwani, da ya ƙi tafiya kun ce ni ne na lalace. Sauka."

"Haba, Darji."

"Na ce sauka. Ga kekuna masu ƙafa uku nan, hau ɗaya, su ma sun fi wannan ja."

A ƙasa Anupam ya dawo gida, gumi ya jiƙa masa riga, yana magana shi kaɗai. Da yamma ya jira har ya ji tsohon ya tafi gurdwara, wurin ibadarsu, sannan ya shiga wajen Biji. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake.

"Na riga ka gani," ta ce, ba ta ɗago ba. "A matakala yake jan ta. Shekaranjiya takalminsa ya zame daga ƙafarsa a ƙofa, ya shigo har ɗaki bai sani ba."

"To me muke jira, Biji?"

"Ka taɓa ganin wanda ya sa shi yin abin da bai yi niyya ba? Na ce likita, ya ce bayan bikin Diwali. Na ƙara faɗa, ya kwana biyu bai ci abincina ba."

Anupam ya kira Simrat. Tana ofis, ana jin hayaniya a bayanta.

"Yaya Anupam, Papa rigima ce kawai. Bai yafe mini motar nan ba. Duk sanda na kira, maganar giya da totur ce. Zan zo Diwali, ni da kaina zan kai shi."

"Simrat, ƙafar ba ta taka totur."

"Na ji. Zan kira shi anjima."

Ta kira shi kuwa, abin da ya ƙara dagula lamarin. Darji ya gane daga inda maganar ta fito. Ƙofar ƙarfe ta daina ƙara ranar Lahadi. In sun haɗu a layi, Anupam ya haɗa hannuwa ya gaishe shi, sai ya amsa wa bishiyar da ke bayan Anupam. Renu ta ce ai ga hutun da yake nema ya samu. Anupam bai ga hutu ba. Kullum da safe yana tsaye a taga yana kallon tsohon yana fitar da jar motar da baya, tana tsalle, tana mutuwa, yana sake tayarwa. Ya rasa wanda ya fi ba shi haushi: tsohon, ko 'yar, ko Biji da ta saba da haƙuri har ya zame mata jiki.

Diwali saura kaɗan, wata safiyar Talata Anupam yana ɗaura takalmi zai tafi ofis, ya ji Biji ta ƙwalla kiran sunansa da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba. Ya fito da gudu. Darji yana kwance a gefen motar, soso a hannunsa na hagu, tiyon ruwa na ta zuba yana bi ta ƙarƙashin bayansa. Bakinsa ya karkace. Idanunsa a buɗe, suna kallon Anupam, cike da fushi.

Masu motar asibiti suka ce suna hanya amma titi a cushe yake. Anupam bai jira ba. Shi da Renu da mai guga na bakin layi suka ciccibi tsohon zuwa jar motar, dogo ne, sai da aka lanƙwasa masa gwiwoyi kafin ƙofar baya ta rufu. Biji ta ɗora kansa a cinyarta tana riƙe da rawanin don kada ya warware.

Lokacin tafiya aiki ne. Daga bakin layi har gada motoci ne hanci da gindi. Anupam ya kunna fitilu, ya kwanta a kan hon, ya fito da hannu yana roƙo. "Mara lafiya! Ku ba da hanya, mara lafiya ne!" Wasu suka matsa, amma ba inda za a matsa. Ya ɗan saki kuloc, motar ta ja taku biyu, ya taka birki. Ya sake, ya taka. A kan gadar da suka shafe watanni suna musun giya ta uku da ta huɗu, ko ta biyu bai samu ya sa ba. Wani mai babur ya ga abin da ke baya, ya shiga gabansu yana bubbuga motoci yana buɗe musu hanya har ƙofar asibiti, ya juya ya tafi ba wanda ya san sunansa.

Likitar matashiya ce, mai magana da sauri. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, babba. Ta tambaya ko an taɓa ganin wata alama kafin yau, rauni a hannu ko a ƙafa.

Biji ta kalli Anupam. Anupam ya kalli tayil ɗin ƙasa.

"An gani," ya ce.

Likitar ta rubuta wani abu ta wuce.

Simrat ta iso washegari. Darji ya yi kwanaki a gadon nan, galibi barci. Anupam yakan biya bayan ofis ya zauna a kujerar roba. Ran nan ya tarar idanun a buɗe. Hannun hagu ya motsa, ya yafito shi. Ya kai kunnensa kusa da gemun.

"Wa... ya tuƙo?"

"Ni ne, Darji."

Tsohon ya yi ta kokawa da harshensa. Anupam ya jira, yana zaton wasiyya ce.

"Ka ƙone... kuloc. Na ji... ƙauri."

Dariya ta kuɓuce wa Anupam, ta fito tare da hawaye, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ɓarin bakin da ke aiki ya ɗan ɗaga. Hannun ya kama wuyan hannunsa ya riƙe, bai saki ba sai da barci ya ɗauke shi.

Bai sake magana ba. Ya cika da rana tsaka, Biji na gefensa tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, a ranar da yaran layi suka fara rataya fitilun biki a katangu. Aka ƙone gawarsa a bakin kogin Hindon, bisa al'adarsu. Tsofaffin direbobi suka zo daga nesa, wasu da sanda.

Da aka dawo, Simrat ta tsaya kusa da jar motar, busasshiyar kumfar sabulu har yanzu a jikin ƙofarta.

"Yaya, gaya mini gaskiya. Da na saya masa babba fa?"

Anupam yana da maganganu da yawa a ransa, tun na ranar da ya kira ta a waya. Ya dubi idanunta da suka kumbura.

"Ba ta ja kamar waccan," ya ce. "Wannan bai yi ƙarya ba. Amma ba ita ta kashe shi ba. Shiga ciki, Biji na nemanki."

Bayan baƙi sun watse, Simrat ta koma Pune don shirya wa mahaifiyarta ɗaki. Wata yamma Anupam ya ji Biji tana kiransa ta katanga. Ya tarar ta wanke rawunan Darji duka, sun bushe a igiya, shuɗi da fari da ruwan goro.

"Ni kaɗai ba zan iya ninkewa ba," ta ce. "Shi yake kama mini ɗaya bakin."

Ta miƙa masa gefen shuɗin. Ya riƙe, ya yi ta ja da baya, yadin yana warwarewa, har bayansa ya taɓa ƙofar ƙarfe, ita kuma tana can bakin ɗakin girki.

"Ja sosai," ta ce. "Kada ya taɓa ƙasa."

Ya ja. Yadin ya miƙe a tsakaninsu daga wannan ƙarshen tsakar gida zuwa wancan, yana ɗan kaɗawa, ƙamshin sabulu na tashi daga jikinsa.