Numfashin Baba Bonifas

A daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Ni ne shugaban mawaƙan cocinmu, kuma kwamiti ya ɗora mini in gaya wa mahaifina, Baba Bonifas, cewa bana ba shi zai ɗaga waƙar Ɗaukaka ranar bikin Ista ba. Tun kafin a haife ni shi yake ɗaga ta, amma yanzu numfashinsa yana yankewa a tsakiya. Na kwanta ban faɗa masa ba.

Sai ga ni a ofishin coci da rana tsaka. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a kan tebur yana rabon muryoyi da ludayi.

"Siririya ta ƙare," in ji shi. "Sai mai kauri."

"Numfashi nake nema wa tsohona."

"Ba ma ajiye shi, lalacewa yake. Tambayi mata."

A cikin coci ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa rufi, kowa ya riƙe lemarsa a ƙarƙashin ƙafa. An lulluɓe ganguna da zannuwa a gefe. Katekis, malamin coci, ya ce in taka a hankali, gangunan azumi suke yi, kada in tashe su kafin lokaci.

Matan zumuntar coci suka shigo a jere, kowace da tulu a ka. Na leƙa na Mama Filomina, shugabarsu, ban ga komai ba.

"Cike yake, Dominik," ta ce. "Kar ka zubar mini."

Sai Baba ya miƙe da farar rigarsa ya ɗaga waƙar. Wallahi ban taɓa jin ta da daɗi haka ba, har benci ya matso don ya ji. Ya kai inda numfashinsa yake yankewa kullum. Mama Filomina ta miƙa hannu ta karɓi muryar kamar yadda ake karɓar jariri daga bayan uwa. Da ta gaji ta miƙa wa ta kusa da ita. Muryar ta bi layin maza, ta fita ta taga, ta shiga kasuwa, wata mai tumatir ta riƙe ta kaɗan kafin ta dawo da ita. Duk wannan yawo muryar Baba ce, ba ta canja ba. Gangunan suka farka suka yaye zannuwansu.

Na duba, bakin Baba a rufe yake. Yana tsaye yana sauraron kansa.

"Baba, ka yi shiru fa."

"Na sani. Waƙar ta faɗi ne?"

"Ba ta faɗi ba."

"To, me ya dame ka?"

Na so in yi kuka, amma hawayen sama suka yi.

Ƙarar kurkure maƙogwaro ce ta tashe ni. Baba ne a bayan ɗaki da kofin ruwan ɗumi da gishiri, yana shirya murya. Na fito, ya tofar, ya goge baki.

"Yau ƙarfe nawa ne gwajin waƙa?"



"Da yamma ne, Baba. Kai za ka ɗaga. Mu muna bayanka."