Memwar ɗin da Souwaiba ta wanke

Ranar Talatar da Souwaiba ta zauna tana faɗa da ordinatar ɗinta, kwamfutar da take aiki da ita, mijinta Illiya ya riga ya kwana biyu a ƙarƙashin ƙasa. Ba ta sani ba, ba kuma wanda ya sani a Agadez. Rijiyar zinariya ce ta rufta da shi, can gaba da Tchibarakaten inda rezo ba ya kaiwa, mutumin da aka aiko da labarin kuwa motarsa ta lalace a hanya. Na faɗa muku tun yanzu ne don kada wani ya ce matar nan ba ta da hankali. Wallahi tana da shi, har ya fi na wasunku.

Tunda wurin ba a kira ba a amsawa, mahaƙa sun samo dabararsu. Mutum ya ɗauki muryarsa a salula, ya zuba a memwar, ɗan abin nan da bai kai farce ba, ya naɗe a takarda ya ba shofer. Shekara uku Lukumanu, mai kai musu ruwa da shinkafa, yana kawo memwar ɗin Illiya yana mayarwa. In ya iso, Souwaiba ta soka shi a gefen ordinatar, wani lojisiyel, wato manhaja, ya kwashe muryoyin ya jera su da kwanan wata a cikin dosiyensa, jakar da ake tara su. In Lukumanu zai koma, ta zare, ta sa a salularta, ta wanke shi tas, abin da ƴan boko ke cewa formate, sannan ta ɗauki nata saƙon. Wankin nan dole ne. Salular Illiya tsohuwa ce mai tsirfa, ba ta karɓar memwar sai wankakke.

Illiya kuwa Allah ya yi shi da surutu. Sai ya yi awa guda yana ƙorafin makaroni ba mai, ya yi waƙa da muryar nan tasa da ko akuya ba za ta saurara ba, ya koma labarin wani jaki da ya ƙirƙira, wai jakin ya rantse sai ya bi ayarin raƙuma zuwa Fachi ɗaukar gishiri. Labarin jakin na Asiya ne, ɗiyarsu mai shekara biyar. Sau uku kawai ta ga ubanta da wayonta, sauran duk a murya ta san shi. Kullum in an taso daga lakwal sai ta shige ƙarƙashin teburin uwarta ta ce a sa mata Baba.

Souwaiba tana da ɗan shagon buga takardu kusa da babbar kasuwa. A wannan Talatar wani mutum ya tsaya mata a ka da takardar neman aiki a Tchirozérine, ta buga ta gama, ordinatar ya ce atafau ba zai ajiye ba, ba wuri. Ta duba, ga layin C, ma'ajiyar ordinatar, ya yi ja wur. Ta goge hotunan biki, ta goge tsofaffin takardu, bai ko motsa ba.

Ta leƙa shagon da ke manne da nata. Malam Gambo mai gyaran salula ya duƙufa a kan wata da ya farke cikinta.

"Malam Gambo, abin nan ya cika, ya ƙi aiki."

"Mi ya cinye wurin?"

"Muryoyin Baban Asiya ne. Su kam ba na taɓa su."

"Wa ya ce ki goge?" in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Ki ɗauke dosiyen gaba ɗaya daga C ki kai shi D. Kupe, kole: ki yanko nan ki liƙa can. Sai ki shiga lojisiyel ɗin ki nuna mashi sabon wurin."

"Ba abin da zai ɓace?"

"Haba Maman Asiya. Ɗaki kawai ya sauya, gidan ɗaya ne."

Gambo bai yi ƙarya ba, kada a ɗora masa. Yawancin ordinatar da ke biyowa ta hannunsa a rabe suke gida biyu, C da D. Na Souwaiba ne dai ba a raba ba, C ne kaɗai a cikinsa. Amma da ta buɗe sai ga D zaune, shuɗi, da wuri wadatacce. Memwar ɗin Illiya ne, wanda ya yi mako uku soke a gefe har ta manta da shi. Ita ba ta taɓa sanin yana da harafi ba, tunda lojisiyel ne ke kwashe mata, wanki kuma a salula take yi.

Ta yi kupe, ta yi kole. Jan layi ya koma shuɗi, mai takarda ya karɓi abinsa ya tafi. Asiya ta dawo daga lakwal, aka sa mata Baba, jaki ya yi kukansa lafiya lau. Har shayi Souwaiba ta aika wa Gambo na godiya.

Washegari da hantsi Lukumanu ya biyo ya ce bayan azahar zai ɗaga. Ta zare memwar, ta sa a salula, ta danna wanki kamar yadda ta danna sau talatin da wani abu. Salula ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Sannan ta rufe shago ta tafi gida, ta ɗauki masa bidiyon sabon ɗakinsu da aka gama rufawa, da Asiya tana karanta Fatiha tana cinye rabin haruffan. Ta zauna ta yi masa faɗa sosai, don ya ce zai zo bikin Bianou bai zo ba. Sauran wurin da ya rage ta biya wajen masu tura waƙa suka cika shi maƙil da wa'azi da kokawa, saboda ta san can ba su da abin kallo. Ta naɗe a takarda ta rubuta sunansa, Lukumanu ya sa a aljihu ya kama hanyar arewa.

Bayan la'asar Yaya Abdou, wan Illiya, ya yi sallama a ƙofar gida. Shi da ke shigowa kai tsaye yana tsokanar Asiya, yau sai ya tsaya a zaure ya ce a kira masa Souwaiba. Tana ganin yadda ya riƙe hularsa a hannu ta san rasuwar Illiya ya zo faɗa.

Ba zan tsaya ba ku labarin zaman makoki ba, kun san shi. Abin da ya riƙe Souwaiba a kwanakin nan abu ɗaya ne. Ba gawa, ba kabarin da za a nuna wa yarinya, salularsa ma da ita ya tafi, amma akwai muryarsa ta shekara uku a ajiye. Ta riƙa gaya wa kanta cewa Asiya za ta girma tana jin ubanta, har ranar aurenta za a sa mata shi.

Da aka yi sadakar bakwai mutane suka ragu, Asiya ta zo ta jingina da ita ta ce tana son jakin Baba. Souwaiba tana takaba, ba ta fita, sai aka ɗauko mata ordinatar daga shago. Ta buɗe lojisiyel, ta tarar da fili fetal, da ɗan rubutu cewa ba a ga dosiye ba. Ta kashe ta kunna, ta sake kashewa ta kunna. Sai ta aika a kira Gambo.

Ya zauna a bakin zaure da ordinatar a cinya, ita tana daga ciki bayan labule.

"Maman Asiya, ina D ɗin da kika kai su?"

"Yana nan inda ka ce."

"Babu D a nan. Wannan C ne kawai gare shi." Ya juya ordinatar ya dubi ƴar kafar da ke gefe. "Ran nan, akwai abin da ke soke a jiki?"

Ta riga shi ganewa. Ta tuna yatsanta a kan salula, da tambayar da aka yi mata, da amsar da ta bayar tana sauri. Kukan da ta yi a ranar ya fi na ranar da Yaya Abdou ya zo, don wancan Allah ne ya yi, wannan kuwa gani take da hannunta ta yi. Gambo ya rasa inda zai sa kansa. Sai cewa yake, "Da na taso na duba. Taku uku ne tsakanina da teburinki."

Bayan kwana goma sha biyu Lukumanu ya dawo da jakar Illiya, da memwar a naɗe yadda aka ba shi. Gambo ya rufe shagonsa kwana biyu yana tono da wani lojisiyel mai dawo da abin da aka goge. Ya ce da wanki kaɗai aka yi da an samu, amma an zuba sabon kaya a kan tsoho har baki. Abin da ya yi ta fitowa ƴan kokawa ne, da malami mai wa'azi, da muryar Souwaiba tana cewa, "Kai dai ba ka da alkawari." Wannan ita ta roƙe shi kada ya bari ta ji.

A rana ta uku ya zo da abu ɗaya, guntu, bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. Ya miƙa ordinatar ta bayan labule ya koma waje ya tsaya.

Souwaiba ta ɗora Asiya a cinya ta danna. Ƙarar injin wuta ce ta fara fitowa, da iska, sai muryar Illiya, kusa, da dariya a cikinta.

"Asiya, ɗiyar Baba, kina ji na? To yau jakin nan ya iso Fachi. Tsaya, tsaya in matsa daga injin nan tukuna."

Aka ji takunsa a kan tsakuwa, uku ko huɗu, sai abin ya yanke.

Asiya ta gyara zama ta kafa wa ordinatar ido. Souwaiba ta kai hannu za ta sake sawa daga farko, yarinyar ta riƙe mata yatsa.

"Inna, bari mana," in ji ta. "Ai ya ce a tsaya."