Farantin da Na Wanke

Bango ɗaya ne tsakaninmu da Ningrum, kuma bangon ba ya hana ƙamshi wucewa. Kafin a kira azahar na riga na san abin da ta dafa. Yau kaza ce a madarar kwakwa, jiya jatan lande da tafarnuwa, wani lokaci naman sa da ya daɗe a wuta har ya yi duhu. Ni kuwa ina tsaye a gaban kaskona ina juya awara.

Ajinmu ɗaya da ita a sakandare a nan garinmu Klaten. Ni ce ke zuwa ta ɗaya, ita kuma takardata take leƙe. Na wuce jami'a, ita ta tsaya a shagon gyaran gashi har ta auri wani ma'aikacin jirgin ruwa da ke turo mata kuɗi daga ƙasashen da ko sunansu ba ta iya faɗa daidai. Ni na auri Danu, wanda nake kira Mas Danu kamar yadda ake girmama namiji a nan, malamin firamare da har yanzu ba a ɗauke shi aikin dindindin ba. Da muka kama ɗan gidan haya a wannan lungu, ashe ita ce maƙwabciyar.

Ranar da za mu bar gidan surukata, Bu Marni, wato Mama Marni, ba ta hana mu ba. Tana tsintar shinkafa ta yi magana, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Danu, ɗakinku yana nan. Takardar jami'a ba ta san farashin albasa ba. Duk ranar da kuka ci bashi don ku sa abinci a baki, ku tattaro ku dawo."

"To, Bu," in ji shi. Kuma na san shi, in ya ce wa mahaifiyarsa to, magana ta zauna ke nan.

Na ce, "Ki zuba 'yan haya a ɗakin, Bu, kada ya zauna a banza."

Tun daga nan, duk farkon wata Mas Danu yake miƙo mini ambulan na kuɗin cefane, ni kuma in ja shi har watan ya mutu. Na iya. Na san ranar da barkono yake sauka, na san yadda ake kaɗa ƙwai ɗaya da ɗan fulawa ya ishi mutum biyu. Wata huɗu muka yi ban nemi ko gishiri a hannun kowa ba.

Matsalar ita ce a lungunmu ba a cefane a ɓoye. Kowace safiya Lek Parjo, wato Kawu Parjo mai kayan cefane, yakan shigo da babur ɗinsa, kwanduna dama da hagu, ya danna ƙaho, matan lungu su fito su kewaye shi. Abin da kika ɗauka kowa ya gani. Ningrum takan fito a ƙarshe, da awarwaron zinare a hannu, gashinta yana ƙamshin mai.

"Lek, waɗannan jatan landen ai jarirai ne. Ina iyayensu?"

"Na ɓoye miki su a ƙasa, Mbak."

A nan Mbak ake ce wa mace don girmamawa, kamar yaya, ni kuwa Dik take ce mini, wato ƙanwa. Sai ta juyo gare ni. "Dik Sekar, awara kuma? Wallahi Mas Danu zai fara tsiro da waken suya a ka."

A yi dariya, ni ma in yi. In koma ciki in ajiye ledata, zuciyata tana tafasa kamar ita aka ɗora a wuta.

A wata na biyar ta fara aiko da faranti. Fari ne mai shuɗin fure a gefe, ta kawo shi da kanta, an rufe da ganyen ayaba.

"Ɗan ɗanɗano ne, Dik. Hannuna ya zarce."

Cinyoyin kaza ne guda biyu suna iyo a miya. Mas Danu ya cinye nasa har ya tauna ƙashin, ya lashe yatsa ya ce, "Kai, Mbak Ningrum ta iya girki." Bai san abin da ya faɗa ba. Ni na kasa haɗiye nawa.

Faranti ba ya komawa wayam, kowace yarinya ta san wannan tun kafin ta iya dafa shinkafa. Ki zuba naki ki mayar. In kuwa da gaske ba ki da komai, sai ki mayar da shi yadda yake, da maiƙonsa, ba wanki, mai farantin ta gane kin gode kuma ba ki ƙi a ƙaro ba, ta ci gaba da aikowa. Abin da ba a yi shi ne a wanke shi tas a miƙa babu komai. Wannan kamar kin ce da mutum ya riƙe abinsa ne har abada.

Na soya ayaba na mayar.

"Ayyo, soyayyar ayaba!" in ji ta. "Kin tuna mini da ƙofar makaranta."

Bayan kwana biyu farantin ya dawo da naman sa. Na buɗe ambulan na sayi rabin kaza, na dafa mata da duk abin da na sani. Ya dawo da kifi mai tsada. Na sayi jatan lande, manya, irin na ƙasan kwando, Lek Parjo yana kallona da baki buɗe. Ko ɗaya ban ci ba. Na jera su a farantinta na kai, na tsaya ina kallon fuskarta ko za ta girgiza. Ba ta girgiza ba. Ta tsinci ɗaya ta jefa a baki tana kallon talabijin.

Wata bai kai ga tsufa ba ambulan ya rame. Na fara dafa abin da zai ishi Mas Danu kawai. Da rana in ci farar shinkafa da gishiri da ɗanyen barkono, in ya dawo in ce na riga na ci. Na tsinko ganyen gwanda a bayan gida, na tafasa shi sau biyu don ɗacin ya fita. Na daina sa sukari a shayina. Tukunyar gas ma na riƙa lallaba ta. Duk wannan ban ji zafinsa ba kamar yadda nake jin ƙamshin da ke ratso bango.

Sai ga farantin kuma, wannan karon da ƙaguwa a jar miya.

Muka ci. Na ɗora shi a kan kanta da maiƙonsa, ya kwana, ya sake kwana. Duk inda na juya a ɗakin girki shuɗin furen nan yana kallona.

Da safe a wurin babur, Ningrum ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Dik, farantina fa? Ko ya yi aure a gidanki ne?"

"Yana hutawa, Mbak. Ya sha zirga-zirga."

Da suka watse, Lek Parjo ya ɗago wata kaza ya yi ƙasa da murya. "Ɗauki mana, Mbak Sekar. In sabon wata ya kama kya biya. Kowa a lungun nan haka yake yi."

Na dubi kazar. Fatarta rawaya, ƙirjinta cike. Har na ga yadda zan jera ta a farantin. Amma daga lungunmu Lek Parjo unguwar Bu Marni yake wucewa, kuma bakinsa ya fi ƙahon babur ɗinsa ƙara. Kafin la'asar za ta ji, kafin Juma'a muna ɗaure katifa.

"Ba ni awara, Lek. Da ƙullin alayyafo."

Na koma ciki na sauko da farantin. In na mayar da shi da maiƙo, na zama wadda ake ciyarwa ke nan. Ni Sekar, in zauna ina jiran ragowar tukunyar yarinyar da ta kwafi lissafina shekara uku. Na buɗe famfo. Na sa sabulu na dirje shi gaba da baya, na ɗauraye, na goge da tsumma mai tsabta har ya yi ƙara a hannuna.

Tana zaune a barandarta tana yanke farce. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa tana murmushi, ta duba ciki, ta shafa yatsa a kai. Murmushin ya tafi.

"Kin wanke."

"Na wanke, Mbak."

"Mantuwa kika yi?"

"Ban taɓa mantuwa ba. Ke ma shaida ce."

Ta juya farantin a cinyarta. "Girkina ne bai yi miki ba?"

"Ya yi. Ya fi nawa. Mijina har ƙashi yake taunawa."

"To mene ne?"

"Tukunyata ba za ta iya tsere da taki ba, kuma ba zan karɓi abin da ba zan iya mayarwa ba."

"Wa ya ce tsere ake? Ke dai har yanzu kina aji, sai kin zo ta ɗaya." Ta miƙe, ta rungume farantin a ƙirji. A bakin ƙofa ta tsaya. "Kullum da magariba ina jin cokulanku ta bango. Biyu. Ni in na dafa, wa zai ci?"

Ta shiga ta rufe. Na ji maganar, ba zan ce ban ji ba. Amma da na koma gida na tarar da awarata tana jira, awarwaronta ne ya dawo mini a ido.

Kafin yamma lungu ya ɗauka. Washegari da na fito, wata daga cikin matan da ke kewaye da babur ta ce da ta kusa da ita, "'Yan jami'a ai da sabulu suke gaisuwa." Na zaɓi tumatirina ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Mas Danu ya ce, "Dik, da kin bari na yi mata magana." Na ce ya ci abincinsa.

Ana jibi albashi Bu Marni ta zo, ba sanarwa. Ta zarce ɗakin girki kamar mai neman ruwa, ta ɗaga murfin mazubin shinkafa. Akwai saura a ƙasa, kamar tafi uku. Ta mayar da murfin.

Na zuba mata shinkafa da ganyen gwanda da awara. Ta ci loma biyu.

"Parjo ya ce ya miƙa miki kaza kin ƙi."

"Haka ne, Bu."

"An kuma ce kin wanke farantin mutane."

"Na wanke."

"Rashin kunya ne."

"Na sani, Bu."

Ta ci gaba da ci. Can ta turo mini kwanonta in ƙara mata ganye, ta dubi ɗanta.

"Danu, ranar Lahadi ka zo ka kwashe sauran tarkacenku. Na sami wata ɗaliba da za ta kama ɗakin."

Na juya don kada ta ga fuskata, na ɗauki ludayi. Daidai lokacin tafarnuwa ta faɗa cikin mai a bayan bango, ƙamshin jatan lande ya cika ɗakin. Bu Marni ta ɗaga hanci.

"Wa ke wannan girkin?"

"Maƙwabciya ce, Bu," na ce, na danna ludayin cikin ganyen gwanda da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata.